Bindiga Mai Baki Biyu: Abin da Manomi Zai Duba Kafin Ya Zuba Kuɗinsa

Da zarar gero ya fara nuna, dawa ta fid da kai, sai aikin manomi ya koma tsaro. Birai su sauko daga duwatsu tun da asuba, gadu ya shiga rogo da dare, ɗinya da kirinjijiya su sauka a fadamar shinkafa. Yara su yi ta buga gwangwani suna ihu har muryarsu ta dushe, amma da sun ba da baya sai ɓarna ta dawo sabuwa. A irin wannan lokaci ne mutum kan fara tunanin bindiga. In kuwa kaka ta yi kyau, aka sayar da gyaɗa kuɗi suka shiga aljihu, ba a rasa wanda zai zo da wata gajerar bindiga mai baki biyu a naɗe cikin buhu, ya ce araha ce, a yi maza kada wani ya riga.

To, a nan ne ake yin asara. Bindiga ba garma ba ce, wadda in ta karye za a kai wa maƙeri gobe. Ita in ta ɓaci a hannun mutum take ɓaci, kusa da fuskarsa. Saboda haka arahar bindiga ba a kuɗin da aka biya ranar ciniki take ba. Mai araha ita ce wadda doka ta yarda da ita, ƙarfenta lafiyayye ne, harsashinta kuma yana samuwa a kusa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, ko kyauta aka ba mutum ita ta yi tsada.

ASALIN GAJERAR

Bindiga mai baki biyu tana da bututu biyu, ko dai a jere gefe da gefe, ko kuwa ɗaya bisa ɗaya. Ba ta da zane a cikin bututun, sumul yake, kuma harsashinta cike yake da ƙananan ƙwayoyin darma waɗanda ke bazuwa in an harba. Ana karya ta a tsakiya a sa harsashi biyu, a rufe. Ta farauta sosai tsawon bututunta yakan kama daga inci 26 zuwa 30.

Ita gajerar a Amurka ta yi suna. A wajejen 1850 zuwa 1890, kekunan doki ne ke ɗaukar wasiƙu da zinariya a yammacin ƙasar, irin na kamfanin Wells Fargo wanda aka kafa a 1852. Mai gadi yakan zauna kusa da mai tuƙi riƙe da mai baki biyu gajera, domin a kan ɗan benci mai girgiza doguwa ba ta juyuwa. Har yanzu ana ƙera irinta, mai bututu inci 18 zuwa 24. Akwai Stoeger da ake ƙerawa a Birazil, da Baikal ta garin Izhevsk a Rasha, da kuma waɗanda ke fitowa daga Turkiyya, kamar Huglu. Watau tun asali an yi ta ne don wuri mai matsi da harbi na kusa. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai nemi ta yi masa abin da ba don shi aka yi ta ba.

DOKA TUKUNA

Kafin a taɓa maganar ƙarfe, tilas a fara da takarda. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu ga jama'a, kamar bindigar soja, da ƙaramar bindiga ta aljihu, har da ta farauta mai ɗura kanta ko wadda ake ja ta ɗura. Kashi na biyu su ne na mutum don amfanin kansa, kuma a nan mai baki ɗaya da mai baki biyu suke. Lasinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, watau bindigar toka da danginta, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su.

Dokar nan ta hana a yanke bututun irin wannan bindiga ya gaza inci 20, ta kuma hana riƙe wadda aka yanke haka. Hukuncin ɗauri ne. Kowace ƙasa da nata ma'auni: a Amurka iyakar inci 18 ce tun 1934, a Ingila kuwa dokar 1968 ta sa inci 24 ga takardar bindigar farauta. Abin lura shi ne, akwai gajeru da yawa da ake ƙerawa da inci 18 da rabi don kasuwar Amurka. Wadda ta halatta can ba lalle ta halatta nan ba. Sai mai saye ya tafi da ma'auninsa, ya auna daga bakin bututu har zuwa gindinsa inda harsashi ke zama. In bai cika inci 20 ba, ya kama gabansa.

Har ila yau, ba kullum ƙofar lasin take a buɗe ba. A 2023 hedkwatar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka matakin farko shi ne a je ofishin 'yan sanda a tambayi halin da ake ciki. In an ce ba a bayarwa, magana ta ƙare sai wani jiƙo. In ana bayarwa, lasin ke gaba, saye na biye, kuma a wurin dillali mai rajista. Harsashi ma ba a sayensa sai da izini. Wanda ke zaune a Nijar ko Gana ko Kamaru ya tambayi hukumar ƙasarsa, don dokokin ba ɗaya ba ne.

AMFANIN GAJARTA DA ILLARTA

Mutane da yawa suna zaton gajeren bututu ya fi duka, ko ya fi baza darma. Wannan zato ba daidai ba ne. Albarushin zamani yana gama yawancin aikinsa tun darma ba ta yi nisa cikin bututu ba, saboda haka bambancin gudunta tsakanin inci 20 da inci 28 kaɗan ne. Bazuwar darma kuwa a matsin baki take, wanda bayaninsa na tafe.

Amfanin gajarta na gaskiya shi ne sauƙin ɗauka. Ba ta sarƙewa cikin karan dawa ko rake, ba ta kama reshe a kurmi, tana ratayuwa a kafaɗa a kan keke. Illarta kuwa uku ce. Ƙararta ta fi kusa da kunne. Rashin nauyinta yakan sa ta yi shuri mai zafi a kafaɗa. Sa'an nan in tsuntsu ya tashi, gajera ba ta bin sa a hankali kamar doguwa. Hannu yakan fizga ko ya tsaya, harbi ya faɗa bayan tsuntsun.

Wani maƙerin bindiga na Birmingham, W. W. Greener, ya bar wa mafarauta ma'auni mai sauƙi: nauyin bindiga ya zama ninki 96 na nauyin darmar da take jefawa. Watau mai jefa oza ɗaya ta kai laba shida. Wadda ta gaza haka mai ita zai riƙa jin tsoron kunama, wanda ke tsoron kunama kuwa ba ya samun abin da ya auna. Kuma mai baki biyu da ma gajera ce bisa ga sauran bindigogi masu tsawon bututu ɗaya da ita, tun da ba ta da dogon akwatin ɗuri a tsakiya. Ga yawancin manoma, inci 24 zuwa 26 ya isa: ta yi nesa da iyakar doka, ta shiga gona, ta kuma bi tsuntsu.

LAMBA DA HARSASHI

Ana kiran faɗin bututu da lamba: 12, 16, 20. Asalin lissafin shi ne, in aka narka darma laba ɗaya aka mulmula ta dunƙule 12 daidai wa daida, kowane dunƙule zai cika bututun lamba 12. Saboda haka ƙaramar lamba ita ce babban bututu. Lamba 12 faɗinta wajen milimita 18 da rabi ne, lamba 20 kuwa ba ta cika 16 ba. Harsashin lamba 12 shi ya fi samuwa ko'ina. Mutum yana iya samun kyakkyawar lamba 16 da araha, ya kai ta gida, ya tarar ba mai sayar da harsashinta sai a wata jiha. Ta zama sanda ke nan.

Bayan faɗi akwai tsawon gurbin harsashi, wanda ake rubutawa a jikin bututu: 12/65, 12/70 ko 12/76. Wannan milimita ce, watau inci biyu da rabi, biyu da uku bisa huɗu, ko uku. Ana auna harsashi ne bayan an harba shi bakinsa ya buɗe. Don haka dogon harsashi yana iya shiga gajeren gurbi lafiya lau, amma in aka harba bakinsa ba shi da wurin buɗewa, ƙarfin albarushi ya taru inda bai kamata ba. Gajeren harsashi a dogon gurbi ba laifi. Dogo a gajere, haɗari. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa 65 ne, harsashin kasuwa kuwa galibi 70 ne, sai a karanta kafin a saya.

Wani haɗarin da ya fi wannan shi ne haɗa lamba 20 da lamba 12 a aljihu ɗaya. Harsashin 20 in ya shiga bututun 12 yakan zurma ciki ya maƙale, gurbi ya zama kamar babu kome. Mutum ya ƙara na 12 a bayansa ya harba, bututu ya fashe daidai inda hannun hagunsa yake. Gidan da ke da lamba 12, kada harsashin 20 ya kwana a cikinsa.

MATSIN BAKI

A ƙarshen bututu, wajen baki, maƙera kan ɗan tsuke ramin kaɗan don darma ta fita a dunƙule. Ana gwada shi da da'ira mai faɗin inci 30 a nisan yadi 40. Bututu marar matsi yakan sa wajen kashi 40 cikin 100 na darma cikin da'irar, mai matsakaicin matsi wajen 60, mai cikakken matsi wajen 70. Babban alherin mai baki biyu shi ne kowane bututu da nasa matsi. Bisa al'ada na dama ya fi buɗewa, kunamar gaba ke harba shi, don abin da ke kusa. Na hagu ya fi tsukewa, kunamar baya ke harba shi, don abin da ya yi nisa.

Gajeru da yawa ba su da matsi ko kaɗan, saboda haka da an wuce yadi 25 ko 30 darmarsu ta watse, sai dai ta raunata dabba ta bar ta da wahala. Akwai kuma waɗanda ake ɗaura musu matsi a canja shi yadda ake so. In ƙarin kuɗin bai yi yawa ba, wannan ya cancanci biya. Daga nan za a gane ɓarnar da mai zarto ke yi. In ya yanke doguwa don ta zama gajera, matsin ya tafi da guntun da ya yar, ya kuma taɓa mahaɗin bututun biyu. Ya lalata bindiga, ya kuma jawo wa kansa shari'a.

YADDA ZA A DUBA TA

Gani ya kori ji. Mai saye ya nemi wuri mai haske, ya fara karya bindigar ya tabbata babu harsashi, sa'an nan ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, ya goge cikin bututu ya leƙa ta gindi da ta baki yana fuskantar haske. Ya kamata ya ga ciki yana ƙyalli, zobban haske suna zagaye daidai. Ramukan tsatsa masu zurfi, ko lotsawa, ko kumburi kamar maciji ya haɗiye ƙwai, kowannensu ya isa a fasa ciniki. In an cika bututu da mai an ƙi a goge, akwai abin da ake ɓoyewa.

Na biyu, ya cire bututun gaba ɗaya, ya rataye shi a yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da farce ko ɗan icce. Lafiyayye yakan yi amo kamar ƙararrawa. In ya yi ƙara kamar fasasshiyar tukunya, ƙarfen da ya manne bututun biyu ya saki, tsatsa kuma na cin su ta inda ido ba ya gani.

Na uku, ya mayar da bututun, amma ya bar ɗan katakon nan na ƙarƙashinsa a cire, ya riƙe ƙota ya girgiza. Kada a ji motsi ko ƙwas-ƙwas. Ya ɗaga ta sama ya duba mahaɗa. In haske yana wucewa tsakanin gindin bututu da fuskar ƙarfen, bindigar ta gaji.

Na huɗu, ya dubi mabuɗin da ke sama in an rufe. A yawancin bindigogi, sabuwa mabuɗinta yakan tsaya a tsakiya ko ya ɗan karkata dama. In ya wuce zuwa hagu, makullin ya cinye.

Na biyar, ya duba ƙota wajen wuya, inda katako ya haɗu da ƙarfe. Tsaga a nan kullum ƙaruwa take yi. Katakon da ya yi baƙi ya sha mai kuma ya yi laushi.

Na shida, ya gwada maɓallin tsaro ba harsashi: in yana rufe, kunama ba za ta motsa ba. Ya ɗora bindigar a kafaɗa ido a rufe, ya buɗe ido. In ya ga idonsa a miƙe tsakanin bututun biyu, ta dace da jikinsa.

Na bakwai, lambar da ke jikin bututu ta zama ɗaya da ta jikin akwatin ƙarfe, ɗaya da ta takarda. Wadda aka goge lambarta, ko a taɓa ta.

HATIMIN GWAJI

A ƙarƙashin bututu, wurin da ke ɓoye in an rufe bindiga, akan sami ƙananan hatimai. A Ingila da Beljiyam da Italiya da Sifen da Rasha, doka ta tilasta a kai bindiga gidan gwaji a harba ta da harsashi mai ƙarfi fiye da na kullum kafin a sayar. Gidan gwaji na Birmingham tun 1813 yake aiki, na Landan ya girme shi. Amurka ba ta da irin wannan doka, kamfani ne ke gwada kayansa. Hatimi shaida ce cewa bindigar ta fito lafiya, amma ba ya ba da labarin tsatsar da ta ci bayan haka.

Akwai tsofaffi masu bututu mai zane kamar igiyar ruwa, waɗanda aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe a zamanin baƙin albarushi. Suna da kyan gani, amma manomi ya bar su. Haka nan wadda aka ƙera a maƙerar ƙauye da bututun famfo: ba ta da lamba, ba ta da gwaji, ba kuwa za ta sami lasin ba.

INA KUƊI YA KAMATA SU TAFI

Araha ba ta ado, ado kuma ba ya harbi. Zanen furanni a ƙarfe da katako mai sheƙi suna ƙara kuɗi, ba sa ƙara kome a gona. Mai kunama biyu ta fi mai kunama ɗaya sauƙin gyara, kuma a bindiga mai araha kunama ɗaya ita ce ta fi yawan ba da wahala. Akwai mai tofar da ƙwanso da kanta in an karya ta, akwai mai ɗan ɗago shi kawai a cire da yatsa. Ta biyun ta fi araha, ba ta cika lalacewa ba, ba ta kuma watsa ƙwanso cikin gona inda awaki za su tauna.

Masu guduma a waje, kamar kunnuwan zomo, suna da farin jini don ana ganin ko an ɗana. Amma gudumar takan kama riga ko kara, takan kuma suɓuce daga babban yatsa in hannu ya yi gumi. Mai guduma a ciki, irin tsarin da Anson da Deeley suka fito da shi a Birmingham a 1875, sassanta kaɗan ne, kuma shi yawancin masu araha ke bi har yau.

A ce manoma biyu ne. Ɗaya ya sayi ta cikin buhu da rabin kuɗi. Ba ya iya sayen harsashi a fili, ba ya iya kai ta gyara, ba ya iya bin hanya mai shinge, in an sace ta ba ya iya kai ƙara. Ɗayan ya jira, ya sami lasin, ya sayi marar ado mai lafiyayyen ƙarfe, yana goge ta da mai bayan kowane harbi, balle da damina. Shekara ashirin tana nan. Wanda ya iya lissafin kanti ya san wanda ya ci riba.

ABIN DA BINDIGA BA TA YI

Ba kowace ɓarna bindiga ke magani ba. Jan-baki, wanda ke sauka dubbai a kan shinkafa da gero a fadamun Haɗeja da Nguru, ba a gama shi da harsashi. A kai rahoto ofishin gona. Ba kuma kowace dabba ake harbi ba. Tun 1963 Arewa take da dokar kare namun daji, akwai kuma ta tarayya ta 1985, wurare irin su Yankari kuwa ba a farauta a ciki. Mai baki biyu kayan aikin gona ce, harbi biyu gare ta. Wanda ya ɗauke ta makamin yaƙi ya ruɗi kansa.

Ƙaramar darma takan yi tafiyar fiye da yadi 200, manya sun fi haka. Dawa in ta yi tsawo tana ɓoye yaro mai kiwo da mace mai roron wake. Kada a harbi motsi, sai abin da ido ya gani sarai, an kuma san abin da ke bayansa. A ƙetare rafi ko shinge bindiga a karye. A gida a kulle ta wuri ɗaya, harsashi wani wuri, mabuɗi a jikin mai gida. In ta ɓata a sanar da 'yan sanda nan da nan.

Wanda ya sami bindigarsa bisa ƙa'ida, kafin ya kai ta gona ya nemi gindin tudu inda ba kowa, ya kafa babban kwali a yadi 30, ya harba da na dama, ya canja kwali ya harba da na hagu. Nan zai ga inda kowane bututu ke kai darmarsa, ya kuma san iyakar nisan da ya kamata ya tsaya. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya tsare manoma da amfanin gonarsu, amin.